RUWAN FARKO BA DAMINA BA NE

Daga Sashen Koyar da Aikin Gona

Kowace shekara idan muka dawo daga hutun Ista, akwai tambaya guda da ɗalibai sukan tare mu da ita tun ba mu zauna ba: "Malam, yaushe za mu yi shuka a gonar makaranta? Ai a gida an riga an yi." Kafin mu amsa, sai wani ya ce a ƙauyensu an yi ruwa har sau biyu, wani kuwa ya ce su ko ɗigo ba su gani ba, alhali tsakanin ƙauyukan nan biyu bai wuce tafiyar awa guda a ƙasa ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi amfani da wannan fili mu yi bayani a kan waɗannan makonni na ƙarshen bazara da bakin damina. Yawancinmu a makarantar nan 'ya'yan ƙananan manoma ne, kuma kuɗin makarantar da ake biya mana daga gona yake fitowa. Shawarar da mahaifi ya yanke da safe guda a watan Afrilu, ita ce takan nuna ko ɗansa zai koma aji a watan Satumba ba tare da bashi ba.

HALIN WANNAN LOKACI

A nan ƙasar Filato da maƙwabtanmu na kudancin Kaduna, daga tsakiyar Maris zuwa farkon Mayu sararin sama ba shi da alkawari. Da safe kana iya tashi da hazo kamar hunturu ya dawo, leɓe yana tsagewa. Da tsakar rana zafi ya hana ka saƙat. Wajen ƙarfe uku sai ka ga hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura da ganyaye, mata suna gudu suna kwashe shanya, yara suna kora kaji. Wani lokaci a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na rabin awa, har da ƙanƙara. Wani lokaci kuwa bayan duk wannan hayaniya, hadarin ya watse, ko ƙasa ba ta jiƙe ba. Da dare kuma a nemi bargo. Washegari rana ta fito fes, ta yi mako biyu tana dukan ƙasa kamar ba a taɓa yin ruwa ba.

ME KE KAWO WANNAN SAUYI?

Iska iri biyu ne suke mulkin Afirka ta Yamma. Ɗaya tana busowa daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara, busasshiya ce mai ƙura. Ita ce iskar hunturu. Ɗayar kuwa tana tasowa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, tana ɗauke da laima. Inda suka haɗu akwai iyaka, ko da yake ido ba ya ganinta. A watan Janairu wannan iyaka tana can kusa da bakin teku. Daga nan sai ta riƙa matsowa arewa tana bin zafin rana, har a watan Agusta ta kai gefen hamada, sa'an nan ta juyo.

Shi ya sa damina ba ta faɗuwa rana ɗaya a ƙasar nan. Galibi mutanen Legas da Fatakwal sukan sami ruwa tun Maris, mu na Jos da Kafanchan a Afrilu, Zariya a Mayu, Kano daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, Sakkwato a Yuni, mutanen Damagaram a Jamhuriyar Nijar kuwa sai su kai Yuli suna jira.

To, abin lura shi ne, iyakar nan ba ta tafiya kamar soja a fareti. Yau ta matsa gaba, jibi ta ja da baya. Muddin tana kaiwa da komowa a bisa kanmu, to yau muna cikin iskar teku, gobe muna cikin iskar hamada. Har ila yau, iskar teku takan kutsa ne ta ƙarƙashin busasshiyar iska, bakinta siriri kamar bakin gatari. A bakin nan laimar ba ta da kauri, ba ta isa ta ba da ruwa mai ɗorewa ba. Sai iyakar ta wuce mu da nisa, laima ta yi kauri a samanmu, sa'an nan damina take zama. Ruwan da muke samu kafin haka, na hadarin da zafin rana ya tayar ne a wuri guda. Yana iya jiƙa gonarka ya tsallake ta maƙwabcinka.

Ɗalibai sukan tambaya, in daga kudu laima take zuwa, me ya sa hadari yake tasowa daga gabas? Dalili shi ne, can sama, kimanin kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke busawa daga gabas zuwa yamma, ita ce take tura gizagizai. Sanyin nan kuwa da muke ji gab da saukar ruwa, iska ce mai sanyi da ke faɗowa daga cikin hadarin ta bazu a ƙasa da ƙarfi. Ita ce mai yaye kwano da karya reshen mangwaro. Ƙanƙara ma daga nan take: iska mai hawa sama takan ɗaga ɗigon ruwa har inda yake daskarewa. Da yake Jos da kewayenta suna bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ƙanƙarar takan iso ƙasa ba ta gama narkewa ba. Manoman dankali da tumatir na Bokkos da Mangu da Barikin Ladi sun san ɓarnarta.

ABIN DA KE SAMUN IRI A CIKIN ƘASA

Ƙwayar iri busasshiya tana da rai, amma barci take yi. Tana iya yin watanni a rumbu ba abin da ya same ta. Ranar da ta sha ruwa ta kumbura, ta farka ke nan, kuma ba ta iya komawa barci. Za ta fid da saiwa, ta ci ɗan abincin da ke cikinta, ta turo kai waje. Idan saiwar ta tarar da laima a ƙasa, shi ke nan. Idan kuwa busasshiyar ƙasa ta tarar, tsiron zai naɗe ganye, ya yi fari, ya mutu.

Wannan ya taɓa faruwa da mu a gonar makaranta, kuma laifinmu ne, ba na kowa ba. Wata shekara aka yi ruwa mai ƙarfi tun kafin Ista, har rafi ya kawo. Murna ta ɗebe mu, muka kwashi ɗalibai muka shuka irin masarar da muke da shi duka. Cikin mako guda gona ta yi kore shar, masu wucewa suna yi mana barka. Daga nan sai ruwa ya ɗauke. Muka yi ta duban gabas har kusan mako uku. Wani dattijo da gonarsa take maƙwabtaka da tamu, wanda bai shuka ko ƙwaya ba, bai ce mana kome ba sai da muka je neman iri a wurinsa. Ya auna mana, sa'an nan ya ce, "Malam, wancan ai ruwan kashe ƙura ne." Makaranta ta iya sake neman iri. Amma mu tuna da gwauruwar da irinta tiya biyu ne kacal, ko manomin da ya ci bashi ya sayi iri na kanti. Hekta guda ta masara tana cin iri kimanin kilo 20, ban da ƙwadagon huɗa da na shuka. Wanda ya yi hasararsa sau ɗaya, da wuya ya sami na biyu mai kyau.

ME YA SA BA ZA A JIRA KAWAI BA?

Wani zai ce, to ai sai kowa ya jira har damina ta zauna sosai. Da haka abin yake da sauƙi, da ba mu rubuta wannan bayani ba. Jira ma yana da nasa hasara.

Na farko, idan ruwan fari ya sauka a kan ƙasar da ta daɗe a bushe, ƙananan halittun da ke cikinta sukan farka su ruɓar da taki da ganyaye, su saki sinadarin naitirojin, wato abincin nan da muke saye da tsada a buhun yuriya. Wannan kyauta ce, amma ba ta daɗewa. In babu shuka a gonar da za ta ci, ruwan baya zai wanke ta zuwa ƙasa, ko ciyawa ta cinye.

Na biyu, ciyawa ba ta jiran kowa. Wanda ya makara, ciyawa ta riga shi kafa saiwa. Na uku, ƙwari sukan yi yawa yayin da damina take nisa. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2016, ta fi yi wa masarar da aka makara shukawa ɓarna. Na huɗu kuwa shi ne ciki. A watan Yuli da Agusta rumbuna da yawa sun yi ƙasa, gidan da ya sami ɗanyar masara ko acca ko sabon dankali da wuri shi ne yake tsallake yunwar tsakiyar damina, kuma shi ne yake samun kasuwa kafin kaya su cika ta.

Ashe ke nan manomi yana tsakanin rami biyu ne. In ya yi gaggawa ya rasa iri, in ya yi nawa ya rasa amfani.

YADDA AKE GANE RUWAN SHUKA

Iyayenmu suna da alamunsu, kada kuma ɗan makaranta ya raina su. Sukan dubi kuka da tsamiya in sun fara sabon toho. Sukan lura da gawo, itacen da yake da ganye da rani, ya kakkaɓe shi in damina ta zo. Sukan jira shamuwa ta dawo ta yi sheƙa a cikin gari. Sukan ga tururuwa tana kwashe ƙwanta zuwa tudu, da shinge yana fitowa bayan ruwa, da taurarin nan da ake kira kaza da 'ya'yanta suna ɓacewa daga yamma wajen watan Mayu. Mafi muhimmanci, sukan lura ko iska ta juya ta tsaya daga kudu, dare da safe, ba ta komawa. Waɗannan alamu suna nuna lokaci ya yi kusa. Ba su faɗin ko ruwa zai ɗauke bayan an yi shuka.

Masana ma sun yi nasu ƙoƙari. A 1988 wani masani mai suna M. V. K. Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken ICRISAT kusa da Yamai, ya bi lissafin ruwan sama na shekaru masu yawa, ya fito da ƙa'ida mai sharaɗi biyu. Damina ta faɗi idan aka sami ruwa aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma a cikin kwana 30 da suka biyo baya ruwa bai ɗauke fiye da kwana bakwai ba. Don ƙasashen da suke arewa da mu ya tsara ta, inda ake fara lissafi daga 1 ga Mayu, amma darasinta ya shafe mu. A dubi sharaɗin nan biyu da kyau. Na farko muna iya aunawa yau. Na biyu kuwa sai bayan wata guda za a sani. Wato ko masani da littattafansa, rabin amsar kaɗai ke hannunsa ranar shuka.

Rabin nan da ke hannunmu, ya kamata mu riƙe shi da kyau. Kowane ɗalibi yana iya yin ma'aunin ruwa a gida. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, a kafa shi a fili nesa da itace da rufin ɗaki. Kowace safiya a sa rula a auna zurfin ruwan, a rubuta, a zubar. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya ta zuba a kan murabba'in mita ɗaya. Saboda haka milimita 20 a hekta guda lita 200,000 ke nan, wato duro dubu. Da jin haka sai a ce ruwa ne mai yawa. Amma da bazara rana da iska suna iya shanye wajen milimita 6 a yini guda. Ruwan milimita 10 ke nan bai fi na kwana biyu ba.

Wanda ba shi da gwangwani yana da fartanya. Kashegarin ruwa a tona rami a gona, ba a bakin hanya ko gindin itace ba. In laima ta kai zurfin taƙi guda ko fiye, ƙasar kuma ta dunƙulu a hannu ba ta wargaje ba, ruwa ya shiga. In kuwa ɗan yatsa biyu kawai aka tona aka tarar da ƙura, a mai da iri ɗaka. Ban da haka, Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, inda take nuna lokacin da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa a kowace jiha. A saurare shi a rediyo, a fassara wa iyaye, amma a tuna hasashe ne, ba alkawari ba.

AIKIN GIDA A WAƊANNAN MAKONNI

Jiran ruwa ba zaman banza ba ne. A ƙaramin gida na manomi babu lokacin da aiki ya fi yawa kamar wannan. Tun da asuba, kafin rana ta yi zafi, maza suna gona suna shara da watsa takin da aka tara da rani. Ana kai garma da fartanya wurin maƙeri, ana sa sabuwar ƙota. Da yamma ana kan rufi, ana baibayar ɗaki da rumbu, ana ƙara ƙusa a kwano, ana yaɓe katangar da ta tsage. Wanda ya bar wannan aiki sai hadari ya taso, a tsakiyar dare zai yi shi.

Mata da 'yan mata su ne suka fi shan wahalar bazara, gama rijiyoyi sun ja baya, sai an yi sammako ko an tafi nesa. Su ne kuma suke tara itacen da za a dafa abinci da shi da damina, su tsinci ɗorawa don kalwa da daddawa. Ya ku samari, hutun Ista ba na ƙwallo kaɗai ba ne, ɗaukar jarka ba ta rage wa namiji daraja.

Dabbobi ma suna bukatar ido. Da zarar an fara shuka dole a ɗaure awaki da tumaki a turke, a riƙa yanko masu ciyawa, don yawancin faɗan maƙwabta a wannan lokaci daga bakin akuya yake farawa. Sabuwar ciyawa takan sa dabba zawo in ta cika ciki da ita farat ɗaya, gara a fara ba ta harawa ko dusa kafin a sake ta. A kiyaye ƙwarai da gyauron dawa, domin ɗanyen tohonsa, balle wanda fari ya taɓa, yana da dafin da ke iya kashe saniya cikin ɗan lokaci. 'Yan tsaki kuwa ruwan sanyi guda ya isa ya ƙare su, sai a tanadi akurki mai rufi.

Game da lafiyarmu, ruwan farko da ya zubo daga kwano wankin ƙurar rani ne da kashin tsuntsaye, kada a tara shi don sha. Haka kuma kwararar farko takan kwashi ƙazantar gari ta zuba a rafi da rijiyar da ba ta da baki, daga nan amai da gudawa suke samun ƙofa. A tafasa ruwan sha. Zafi da ƙura kuma su ne lokacin sanƙarau. Manyanmu ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kashe mutane fiye da 11,000 a arewacin ƙasar nan. Kada a cunkushe a ɗaki marar taga, kuma wanda ya kamu da zazzaɓi da sanƙarewar wuya a kai shi asibiti nan da nan. Lokacin sharar gona macizai da kunamu suna fitowa, kada a sa hannu a tarin ciyawa ko rami sai an tona da sanda. Wanda maciji ya sara, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaga wurin. In kuma hadari ya tarar da kai a gona ana walƙiya, kada ka fake a gindin itacen da yake tsaye shi kaɗai.

DABARAR MAI ƘARAMIN ƘARFI

Tun da ba wanda ya san abin da kwana 30 masu zuwa za su kawo, hikima ita ce kada a jingina rayuwar gida duka a kan rana guda. Ga abin da muke koya a gonar makaranta tun daga waccan shekara.

A gwada iri kafin lokaci. A ƙirga ƙwaya 100, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa ruwa har kwana bakwai. In 85 ko fiye suka tsiro, irin yana da kyau. In ba su kai 70 ba, a nemi wani tun da sauran lokaci.

A raba iri kashi biyu ko uku, kada a shuka shi duka da ruwa ɗaya. A fara da fadama da kwari inda laima take daɗewa, a bar tudu da jigawa sai ruwa ya zauna. A fara da abin da yake jure fari, kamar gero da dawa da acca, a jinkirta masara, musamman irin da aka saya da tsada. Mutanen arewa da suke yin binne, wato shuka gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, sun san suna iya yin hasara, amma irin gero kaɗan ne yake cika gona. Ba a yi wa masara haka.

A rufe ƙasa da ganye ko ciyawa inda ya yiwu, kamar yadda manoman citta na Kachiya da ƙasar Jaba suke yi, domin rana kada ta shanye laima. Kada a zuba takin zamani a busasshiyar ƙasa, yana ƙona tsiro kuma ƙarfinsa yana bin iska. A jira shuka ta kafu, ƙasa tana da laima. Idan kuma damina ta makara ko shukar farko ta mutu, akwai irin masara mai saurin nuna, na kwana 80 zuwa 95, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da ta IITA a Ibadan suka fitar. A tambayi malamin gona.

Na ƙarshe, a tuna da maƙwabci. Gayya da aron iri su ne suka riƙe ƙauyukanmu a farin 1973 da na 1984. Muna roƙon dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa su riƙa ware ɗan hatsi daga baikon godiya na kaka, a ajiye shi a matsayin iri saboda gwauraye da marayu da duk wanda shukarsa ta ƙone.

KAMMALAWA

Muna ba ɗalibai aikin gida: ku karanta Littafin Mai Hadishi sura 11, da Wasiƙar Yakubu sura 5. Ɗaya yana jan kunnen manomin da yawan duban sama ya hana shi aiki, ɗayar tana yabon manomin da ya iya jira. Dukansu biyu a Littafi ɗaya suke, manomin kirki kuwa yana bukatarsu duka. Idan kun koma gida hutu mai zuwa, ku kafa gwangwaninku, ku gwada irin gidanku, ku zauna kusa da tsofaffi ku tambaye su abin da suke gani a sama. Sa'an nan ku kawo mana abin da kuka rubuta, mu haɗa na ƙauyuka dabam dabam mu gani.

Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye gonakinmu da gidajenmu. Amin.